Haƙori Ɗaya, Raƙumi Biyar

Duk wanda ya saba zama a teburin mai shayi na bakin tashar Jega ranar kasuwa, a daidai lokacin da motocin Aliero ke sauke albasa, na wajen Maiyama kuma suna juye mutanen Andarai da Mungadi da Sambawa, da wuya ya tashi bai ga wani bawan Allah ba wanda ya naɗe muƙamuƙinsa da ƙyalle, kunci ɗaya ya tasa, ya karkatar da kai yana kurɓar shayi a hankali ta ɓangaren da bai kumbura ba. Da an ce masa, "Baba, lafiya?" sai ya amsa da ƙyar, "Haure ne, ɗana, ko runtsawa ba na yi." Kafin ya rufe baki kowa a majalisar ya zama likita. Wannan ya ce kanumfari, wancan ya ce jar kanwa, wani ya ce a danna taba gari a cikin kogon, wani kuma ya rantse cewa ɗigo ɗaya na ruwan batir shi ya raba wansa da wannan azaba. Daga can gefe mai lasifika yana shelar maganin da ke fid da tsutsa nan take. Daga bisani wani dattijo ya yanke hukunci, ya ce, "Ai haƙori in ya fara ciwo ba shi da magani sai cirewa." Kowa ya gyaɗa kai, aka koma zancen farashin taki.

Kukan da jama'a ke yi, cewa asibitin haƙori na masu hali ne, kuka ne mai hujja, kuma ban zo in musa shi ba. Amma bayan nazari a kan yadda wannan ciwo ke faro wa mutum da yadda yake ƙarewa, abin da ya bayyana gare ni shi ne, mafi yawan tsadar da talaka ke gamuwa da ita jinkirinsa ne ke haifar masa da ita, jinkirin nan kuwa hukuncin dattijon can ne tushensa. Domin wanda ya riga ya sakankance cewa cirewa ita ce makoma, ba shi da dalilin da zai sa ya je da wuri, sai ya yi ta jurewa har ranar da juriya ta ƙare, ranar nan kuwa ita ce mafi tsada a cikin dukkan ranakun da zai iya zaɓa.

1. Ƙimar abin da muke zubarwa

Almajirin da ya kai babin diyya a littattafan fiƙihu ya san cewa Shari'a ta ƙaddara diyyar rai raƙumi 100, ta haƙori guda kuwa raƙumi 5, watau kashi ɗaya cikin ashirin na diyyar mutum sukutum. A mazhabar Imamu Malik kuma ba a bambanta na gaba da fiƙa da matauni ba, duk hukuncinsu ɗaya. Sai mai karatu ya tambaya a kara nawa ake sayar da raƙumi a yau, ya ninka biyar, sa'an nan ya dubi yadda muke miƙa baki ga mai filaya a gindin bishiya a kan kuɗin da bai kai na tiyar shinkafa ba.

Magabata ba su yi wannan sakaci ba. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus, wanda ya rasu wajen shekara ta 1013, ya zana a littafinsa At-Tasrif surorin ƙarafan da ake kankare dattin haƙora da su, ya yi horo da a ƙure kowace dabara kafin a kai ga cirewa, ya kuma yi gargaɗi cewa zafi yakan ruɗi majinyaci ya nuna lafiyayyen haƙori, mai gaggawa ya tumɓuke masa shi, ciwon kuwa yana nan daram. Shekara dubu ke nan da wannan gargaɗi, kuma har gobe yana faruwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a ce a ƙasar Aliero ake wannan sauƙin kai, garin da ya yi suna da masu ɗori tun kaka da kakanni, inda ake ɗauko wanda ya karye daga nesa, a yi jinyarsa makonni, a kashe abin da aka kashe, ba tare da wani ya taɓa cewa ƙafa in ta karye ba ta da magani sai yankewa ba. Mun yarda ƙashin ƙafa abin ceto ne. Na baki kawai muka yanke wa ƙauna.

2. Yadda kogo ke girma, kuɗinsa na biye da shi

Haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawo na waje, wanda babu abin da ya fi shi tauri a jikin ɗan Adam. Ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan taushi. Can tsakiya kuma akwai ɓargo, inda jijiya da hanyoyin jini suke. A bisa haƙoran kowa akwai wata dauɗa mai yauƙi da ke taruwa kullum, cike da ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani, abincinsu sukari, abin da suke fitarwa kuwa tsami ne mai narkar da ɓawon nan kaɗan-kaɗan. Yawu yana gyara ɓarnar idan an ba shi sarari, amma idan zaƙi yana bin zaƙi tun safe har dare, ɓarna takan rinjayi gyara, bango ya tsage, ƙadangare ya sami wurin shiga.

A farkon al'amari tabo ne kawai, fari ko ruwan ƙasa, babu zafi ko kaɗan, kuma a wannan mataki man goge baki mai sinadarin fulorayid da rage zaƙi suna iya tsayar da shi ba tare da an biya kowa ko sisi ba. In an bar shi ya zama rami, mutum ya fara jin tsam idan ya sha ruwan sanyi ko ya tauna rake, to, zama ɗaya ne a kujerar likita: a share ruɓar, a yi ciko, a tashi da haƙori a baki. Nan ne arahar take, kuma nan ne kusan babu mai zuwa, domin ciwon yana zuwa ya wuce, mutum ya ce sanyi ne. Amma ranar da ruɓa ta isa ɓargo, zafi ya koma bugawa kamar ana sara, ya fi tsanani da dare idan an kwanta, to, ciko ya wuce. Abin da ya rage shi ne ko dai aikin saiwa, watau a buɗe haƙorin a kwashe ɓargon a wanke a toshe, wanda ke bukatar hoto da komawa fiye da sau ɗaya da kuɗi ninkin-ba-ninkin, ko kuwa cirewa.

A nan ne wata yaudara take, wadda a ganina ita ce jarin duk mai sayar da maganin haƙori a kasuwa. Bayan kwanakin azaba jijiyar takan mutu, idan ta mutu kuwa zafi yakan ɗauke ɗif, sai majinyaci ya jingina wannan sauƙi ga duk abin da ya sa a bakinsa na ƙarshe, ko kanwa ce ko ruwan batir, ya tashi yana ba da shaida a majalisa da zuciya ɗaya. Alhali kuwa ruɓar ba ta tsaya ba, ta gangara ne cikin saiwa, tana tara mugunya a cikin ƙashi, har wata rana ya wayi gari da kunci kamar an hura. Idan matauni na ƙasa ne, kumburin yana iya bin ƙarƙashin harshe da haɓa ya sauka wuya ya matse maƙogwaro, wannan kuwa yana kisa, kuma likitocin manyan asibitocin Arewa sun san shi sarai. Saboda haka wanda ya ga kumburi ya sauko ƙarƙashin muƙamuƙi, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiyar yawu ta gagara, ko numfashi ya fara wuya, ga zazzaɓi, kada a jira gari ya waye, a nemi mota a daren. A wannan mataki ana maganar gado ne da ƙarin ruwa da allurai da mai jinya da zai bar gonarsa, kuma iyalin da suka ji ƙyashin kuɗin ciko sukan sayar da akuya, wani lokaci har da abin da aka ajiye na iri.

3. Arahar kasuwa da ta kemis

Zancen tsutsa tsohon zance ne, ba mu kaɗai muka gaje shi ba, an yi imani da shi a ƙasashe da yawa kafin a gane ƙwayoyin cuta. Dabarar ma tsohuwa ce: a zuba 'ya'yan wani tsiro a kan ƙarfe mai zafi, a sa mutum ya buɗe baki hayaƙi ya shiga, a tara kwanon ruwa a ƙasa, zafi ya fasa 'ya'yan, fararen zaruruwan cikinsu su faɗa ruwa suna lanƙwashewa, a nuna masa a ce ga su nan sun fito. Babu tsutsa a cikin haƙori. Kanumfari kam yana da wani mai a cikinsa da ke dusashe zafi na ɗan lokaci, likitocin haƙori ma suna amfani da shi, don haka ban ga laifin wanda ya sa shi domin ya kai safe ba, in dai da safen zai kama hanya. Ruwan batir kuwa ƙuna ce tsagwaronta, yana cinye dasashi da fatar baki, haka nan ƙwayar asfirin da wasu ke dannawa a jikin dasashi.

Arahar kemis ta fi wannan ɓoyuwa, domin kuɗin yana fita ne kaɗan-kaɗan, ba a jin fitarsa. Yau a sayi na kashe zafi, jibi a sayi kafso guda huɗu, bayan wata guda ciwo ya dawo a sake, kuma da mutum zai tara abin da ya kashe a shekara da ya ga ya biya kuɗin ciko har da na mota. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya toshe rami, yana kwantar da kumburi ne kawai zuwa wani lokaci. Yawan shan magungunan kashe zafi irin su diklofenak kuma yana ƙwarzane ciki yana taɓa ƙoda. Mai cirewa na kasuwa kuwa, ko da hannunsa ya faɗa, ƙarfen da ya fito daga bakin wani ya shiga naka ba tare da an dafa shi yadda ya kamata ba hanya ce ta ciwon hanta, kuma sau da yawa kan haƙorin ne ke karyewa saiwa ta zauna.

Kada a fahimce ni da cewa cirewa aibi ce a kowane hali. Idan haƙori ya riga ya lalace, aljihu kuma bai kai aikin saiwa ba, cire shi a asibiti, da allurar kashe zafi da tsabtataccen ƙarfe, shi ne maslaha, kuma larura tana da hukuncinta. Sai dai a san cewa giɓi ba ya zama shi kaɗai: maƙwabtansa sukan karkato, na samansa ya zazzago, tauna ta koma gefe guda, wanda kuma ya rasa matauni da yawa tun yana da sauran ƙarfi zai yi shekaru yana kallon tsire da ido.

4. Abin da ke hannun mai ƙaramin ƙarfi

Yaron da ya karanta Ishmawi a zaure ya san asuwaki yana cikin mustahabban alwala, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ƙarfafa amfani da shi, kuma itacen darbejiya da marke ba a sayen su a ƙauye. Aibinmu a nan shi ne mun mai da asuwaki abin taunawa ana hira, a goge na gaba huɗu da mutane ke gani a bar matauni, alhali can ne kogo ya fi yawa. A bi kowane haƙori ciki da waje, musamman inda ya haɗu da dasashi, kuma jinin da ke fita a wurin alama ce ta dauɗa ta kumbura dasashin, gogewa a hankali kullum ita ke tsayar da shi. Sa'an nan a haɗa da makilin mai fulorayid sau biyu a yini, na dare shi ne mafi muhimmanci domin yawu yana raguwa a cikin barci. Abin da ya kai ƙwayar wake ya isa, ba sai an shafe buroshi duka ba kamar yadda ake nunawa a talla, kuma in an gama a tofar kawai, kada a kurkure da ruwa a wanke maganin. Da wannan tattali ƙaramin bututu yakan daɗe.

Sukari kuwa, Hukumar ta ba da shawara a 2015 cewa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da ke ba jiki ƙarfi a yini, kimanin cokalin shayi 12 ga baligi, wanda kuwa ya taɓa kallon hannun mai shayi ya san kofi biyu sun kusa cinye wannan ƙa'ida. Ga haƙori ma yawan maimaitawa ya fi yawan adadi illa, domin kowace kurɓa sabon tsami ce. Wanda ya sha zoɓonsa tare da abinci ya tashi ya fi aminci a kan wanda ya wuni yana tsotsar alewa ɗaya bayan ɗaya.

In tafiya ta kama, sai a fara tambaya a babban asibitin da ke kusa, a Jega ko Aliero ko Maiyama, abin da suke iya yi a nan da ranar da suke yi; abin da ya fi ƙarfinsu kuwa, akwai sashen haƙori a Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da kuma asibitin Gwamnatin Tarayya a Birnin Kebbi, gaba kuma akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuma galibi na gwamnati ya fi na kuɗi sauƙi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya zama rabin jinya ga mutumin Sabiyal ko Kimba, don haka a yi sammako, a tafi da duk wanda ke da ƙorafin baki a gidan, a yi tafiya ɗaya. A gaban likita kuma kada kunya ta hana mutum cewa, "Likita, ga abin da ke hannuna, wannan zai cikku ko ya wuce? Nawa ne duka har magani? Wanne ya fi gaggawa, wanne zai jira kaka?" Likita na ƙwarai ba ya jin haushin wannan, yakan tsara aikin daki-daki. Manomin albasa da ke ganin kuɗi a dunƙule lokaci guda, da matan da ke zubin adashi, su ne suka fi kowa ikon ware wani abu domin dubawa tun babu ciwo, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Mai ciki ma a kai ta. Dasashi yakan kumbura a lokacin goyon ciki, kuma duba baki ba ya cutar da abin da ke cikinta.

5. Yara

Haƙoran nono 20 ne, na girma 32, kuma akwai wani kuskure da ke cinye haƙoran 'ya'yanmu da yawa. Wajen shekara shida, can bayan haƙoran nono, matauni na farko na dindindin yakan tsiro ba tare da wani ya faɗi ba, sai iyaye su ɗauka shi ma na famfara ne, in ya yi kogo su ce a bar shi ai zai fita wani ya fito. Babu wanda zai fito bayansa. Uwa ta riƙa buɗe bakin ɗanta a hasken rana tana leƙawa, ko sau ɗaya a wata.

Akwai kuma abin da ya fi kogo muni, watau cutar da likitoci ke kira noma, wadda ke kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda tamowa ko ƙyanda ta raunana. Takan faro da gyambo a dasashi da warin baki, cikin kwanaki kaɗan ta ci kunci da leɓe, kuma mafi yawan waɗanda ba a yi wa magani ba ba sa rayuwa, alhali a farkonta maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtar baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibiti na musamman domin ta tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF tana tallafa masa tun 2014, jinya kyauta ce, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da cutar cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disamba na 2023.

6. Haƙƙin da ke wuyan mahukunta

Ba adalci ba ne a ce wa mutum ya zo da wuri alhali babu inda zai zo. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa mutum kusan biliyan 3.5 ke fama da cututtukan baki, uku cikin huɗu a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin hali, likitocin haƙorinmu kuwa kaɗan ne, kuma a manyan birane suka taru. Jiran ranar da kowace gunduma za ta sami likita da kujera mai lantarki jiran gawon shanu ne.

Amma akwai hanyar da ba ta jiran wannan. A tsakiyar shekarun 1980 aka ƙirƙiro wata dabara a ƙasar Tanzaniya domin wuraren da babu wuta: a kwashe ruɓa da ƙananan ƙarafa na hannu, a kwaɓa wani ƙulli da ake kira gilas-ayonoma, a danna shi cikin ramin da yatsa, ya kama, yana kuma sakin fulorayid a hankali. Babu inji, sau da yawa babu allura, kuma a kan tebur ma ana yi. Akwai kuma wani ruwa mai haɗin azurfa da fulorayid da ake ɗigawa a kogon haƙorin yaro ya tsayar da ruɓa, illarsa kawai wurin yakan yi baƙi, don haka wajibi ne a gaya wa iyaye tun kafin a sa. A 2021 Hukumar ta shigar da waɗannan biyun, tare da man goge baki mai fulorayid, cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba a kowace ƙasa.

Ga kwalejin koyon aikin lafiya a cikin garin Jega, ga jami'ar kimiyya a Aliero, ga ɗakunan shan magani a gundumomi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, wata doka ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, Jihar Kebbi kuma tana da hukumarta ta taimakekeniya, KECHEMA, wadda ya kamata duk mai rajista ya nemi a nuna masa a rubuce abin da katinsa ya ƙunsa na haƙori. Abin da nake nema ga shugabannin ƙananan hukumomin nan uku, Jega da Aliero da Maiyama, bai fi ƙarfinsu ba: ma'aikacin haƙori horarre da akwatin ƙarafa da tukunyar dafa su, ya riƙa zagaya ɗakunan shan magani bisa ranakun da aka sanar a masallatan Juma'a, ya zauna a Jega ranar kasuwa, ya leƙa makarantun firamare da na allo sau ɗaya a zango, abin da ya fi ƙarfinsa ya rubuta takarda zuwa Birnin Kebbi. A kuma liƙa farashin ciko da wanki da cirewa a ƙofar kowane asibiti, da Hausa, da boko da ajami, domin da yawa tsoron kuɗin da ba su sani ba ne ke tsare su a gida. Attajiran albasa da na shinkafa masu neman inda za su yi sadaka mai gudana, kuɗin ƙullin cikon da zai ishi makarantar firamare guda shekara ɗaya ba zai girgiza ko ɗaya daga cikinsu ba.